Gyambon cikin wani manomin shinkafa a yankin Ringim: daga ambaliyar 2022 zuwa kakar 2024

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 46 a lokacin da ciwon ya fara tsanani, mai mata biyu, mazaunin wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Yana noman shinkafa da damina, da rani kuma ya koma fadama ya yi alkama da tumatir. Ba ya shan taba, amma goro ba ya rabuwa da aljihunsa. Na haɗa wannan bayani ne daga bakinsa, da na uwargidansa da ƙaninsa, da kuma katunan asibiti da ya adana, bayan an kawo shi cibiyar lafiya matakin farko da nake aiki a watan Oktoba na 2023.

Tun yana saurayi yakan ji ƙwarnafi da yawan gyatsa, musamman idan ya daɗe bai ci abinci ba, amma abin bai taɓa hana shi aiki ba, kuma bai taɓa kai shi asibiti ba. Mahaifinsa ma ya yi fama da irin wannan ciwo har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka a gidansu an ɗauke shi a matsayin abin gado wanda ake lallaɓawa da ruwan kanwa.

Agusta zuwa Disamba 2022: ambaliya, ciwon baya da haɗi

Daminar 2022 ta zo da ambaliyar da ta ci gonaki da gidaje a sassa da dama na Jigawa, ciki har da yankin Ringim. Mazan ƙauyen sun shafe makonni suna aikin jinga, suna ɗaukar buhunan ƙasa a ka da kafaɗa domin tare ruwa, kuma a nan ne ya samu ciwon baya wanda ya riƙa sauka har cinyarsa ta dama. Da yake ba lokacin kwanciya ba ne, sai ya fara sayen abin da ake kira haɗi, wato ƙwayoyi huɗu ko biyar da mai kemis yake ɓallowa daga kati daban-daban ya zuba a 'yar leda, a sayar a matsayin maganin gajiya. Da farko yana shan ƙulli ɗaya da dare. Kafin ƙarshen Satumba ya koma shan biyu, ɗaya da asuba kafin ya fita, sau da yawa ba tare da ya karya ba.

A watan Oktoba ciwon ciki ya canza kama. Ya zama zafi mai ci a ƙahon zuci, wato daidai ramin da ke ƙarƙashin ƙashin ƙirji, sama da cibiya, yana tashinsa daga barci wajen ƙarfe biyu na dare, kuma yana lafawa idan ya sa wani abu a bakinsa. Wurin da lokacin duka suna da muhimmanci ga mai duba marar lafiya. Abinci yana bi ta maƙoshi ya sauka cikin tumbi, inda ruwan asid mai ƙarfi yake narkar da shi, sannan ya wuce ta wata 'yar ƙofa zuwa farkon ƙaramin hanji, wanda likitoci ke kira duwodinam, tsawonsa kamar santimita 25. Daga nan ne yake bin sauran ƙaramin hanji zuwa uwar hanji. Gyambon da ke duwodinam ya fi ciwo idan tumbi ya zama fanko, asid yana gangarowa kan raunin ba tare da abincin da zai rage masa kaifi ba, shi ya sa yake tashi da tsakar dare. Gyambon da ke jikin tumbin kansa kuwa sau da yawa cin abinci ne yake tayar da shi.

Maƙwabta suka ce masa olsa ce, shi ma ya yarda. Ya riƙa jiƙa kanwa yana sha, uwargida tana ajiye masa kindirmo a gefen shimfiɗa, aka kuma hana shi yaji da barkono da duk wani abu mai tsami. Daga baya ya ƙara da farin ruwan maganin olsa da ake sayarwa a kwalba. Kowanne cikinsu yana kashe zafin na ɗan lokaci, domin kanwa da farin ruwan suna rage kaifin asid ɗin da ke cikin tumbi a wannan lokaci, nono kuma yana sanyaya ciki kafin daga baya ya sa tumbi ya ƙara zubo wani asid ɗin. Bai daina shan haɗi ba ko na rana ɗaya, kuma bai taɓa alaƙanta shi da ciwon cikin ba.

Fabrairu 2023: zuwa asibiti na farko

Da zafin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya je wani asibiti a farkon Fabrairu. An ɗebi jininsa aka yi gwajin ƙwayar cutar da ake kira Helicobacter pylori, sakamako ya nuna alamarta. Wannan ƙwaya tana zama ne a cikin majinar da ke lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da sinadarin da ke kare ta daga asid, tana haddasa kumburi na shekara da shekaru har garkuwar bangon ta yi rauni. Galibi ana ɗaukarta tun ana yara, a cikin gida ɗaya, ta hanyar yawu ko amai ko ruwa da abincin da najasa ta gurɓata, kuma hakan ya fi kusa da bayanin abin da gidansu ke kira gado. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ce sanadin yawancin gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma tun daga aikinsu ne gyambon ciki ya zama ciwon da ake iya warkarwa da maganin mako biyu.

Gwajin jini yana da iyaka: yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma ba ya bambance tsakanin wadda ta wuce da wadda take nan. Duk da haka, bisa alamomin da ya zo da su, an rubuta masa magani uku na kwana 14: omefirazol mai rage asid, da amoksisilin, da metronidazol wanda aka fi sani da filajin. A katin wannan rana ba a rubuta komai game da magungunan da yake sha ba, kuma ya ce ba a tambaye shi ba.

Wannan wata shi ne tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin Naira. Ba shi da asusun banki, kuɗin da ke hannunsa na maganin kwana biyar kawai ya isa, sai ya sayi wannan da niyyar ƙarowa. Zuwa kwana na huɗu zafin ya ɗauke, ya yi barci har asuba, sai ya ɗauka ya warke. Bai koma ba. Bayan kamar mako uku ciwon ya dawo yadda yake a da.

Maris zuwa Satumba 2023: azumi, maganin basir da baƙin bayan gida

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen watan Maris, a tsakiyar zafin bazara. Ya ɗauki azumi, yana shan haɗi da sahur saboda aikin girbin alkama, yana kuma sayen omefirazol ƙwaya biyu ko uku duk lokacin da abin ya tsananta. A goman ƙarshe ya sha azumi na wasu kwanaki saboda zafin ciki da amai.

A watan Yuli ya fara lura cewa bayan gidansa yakan fito baƙi wuluk, mai danƙo kamar kwalta, da wari na daban, ya yi kwana biyu ko uku a haka sannan ya koma daidai. Bai faɗa wa kowa a gida ba, domin ba magana ce da magidanci yake yi da iyalinsa ba. Wanda ya faɗa wa shi ne wani mai sayar da maganin gargajiya a kasuwar mako, wanda ya ce masa basir ne ya taru, ya ba shi jiƙo a jarka, ya kuma ce baƙin da yake gani dattin ciki ne maganin zai ƙarasa fitarwa. Ya sha jiƙon har ƙarshen Agusta.

A wajen ma'aikacin lafiya basir yana da ma'ana ƙayyadajjiya, wato kumburin jijiyoyin jini a dubura, kuma jininsa ja ne jawur, ana ganinsa a saman bayan gida ko yana ɗiga bayan an gama. Jinin da ya zubo daga tumbi ko duwodinam kuwa yana yin doguwar tafiya, asid da ƙwayoyin halittar hanji suna narkar da shi, sai ya fito baƙi. Abin da yake gani, ke nan, jini ne daga sama. A cikin waɗannan watanni iyalinsa sun lura yana haki idan ya yi 'yar tafiya, yana yawan zama a kan kunya a gona, tafin hannunsa ya yi fari, amma aka danganta hakan da wahalar damina.

Oktoba 2023: faɗuwa a gona

A mako na uku na Oktoba, ana yankan shinkafa, ya ji jiri ya durƙusa, ya yi amai mai duhu, sannan ya suma na ɗan lokaci. Ƙaninsa da wani maƙwabci suka goyo shi a babur zuwa cibiyarmu. Bugun zuciyarsa 118 a minti ɗaya, ƙarfin gudun jininsa ya sauka zuwa 90 bisa 60, cikin idonsa da harshensa fari fat, ƙahon zucinsa yana ciwo idan an danna, amma cikin bai sandare ba. Rashin sandarewar ya rage fargabar cewa gyambon ya huda hanji, wanda da hakan ta faru, da sai tiyatar gaggawa.

Aka sa masa ƙarin ruwa, aka tambaye shi launin bayan gidansa bayan an sallami kowa daga ɗakin. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Likita, ai tun damina baƙi ne." Da aka tambaye shi maganin da yake sha, ya ce na olsa kawai. Sai da aka ambaci maganin gajiya da sunansa ya laluba aljihun gefen rigarsa ya fito da ƙulli biyu, kowanne da ƙwaya biyar masu launi daban-daban, babu suna a jikin ko ɗaya, ledar ta yi laushi da gumi tare da ɓarin goro. Shi a ganinsa wannan ba magani ba ne da za a lissafa. Washegari ƙaninsa ya je wurin mai kemis ɗin ya karɓo katunan da ake ɓallo su: daiklofenak, da firoksikam, da deksametazon, da farasitamol, da wata ƙwayar bitamin.

Biyu na farko dangi ɗaya ne da asfirin da aibufurofen. Suna kashe ciwo ta hanyar toshe sinadaran da ke kawo kumburi, amma waɗannan sinadarai su ne kuma suke sa bangon tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi, su kuma kiyaye gudun jini a cikinsa. Shan biyu daga wannan dangi a lokaci ɗaya yana ƙara haɗarin gyambo da zubar jini, haɗa su da deksametazon yana ƙara shi, samun Helicobacter pylori a ciki kuma yana sake ƙara shi. Ya shafe wata 14 yana shan wannan haɗi kusan kullum.

A ranar aka tura shi babban asibiti. Ma'aunin jininsa na PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna kashi 19 cikin ɗari, alhali na lafiyayyen namiji yana kaiwa 40 ko sama da haka. Ƙannensa biyu suka ba da jini, aka ƙara masa leda biyu, aka yi masa allurar omefirazol ta jijiya na kwana uku, aka dakatar da haɗi da jiƙo da kanwa gaba ɗaya. Jinin ya tsaya da kansa. An sallame shi bayan kwana shida da ma'auni 25, tare da takardar zuwa Kano domin a haska cikinsa.

Nuwamba 2023: haska ciki da magani na biyu

A ƙa'ida ana so a haska cikin mai irin wannan zubar jini a cikin awa 24. Shi sai bayan mako biyu ya samu, saboda babu na'urar a kusa, kuɗin mota ya tashi tun cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuma sai da aka sayar da buhunan shinkafa kafin a haɗa kuɗin aikin. An yi masa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya kwana bai ci komai ba, aka fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aka zura siririyar roba mai kyamara a baki ta bi maƙoshi zuwa tumbi har duwodinam. Aikin bai kai minti 20 ba.

An ga gyambo ɗaya, faɗinsa kamar santimita ɗaya, a farkon duwodinam, ƙasansa fes, babu jijiyar da ke zubar da jini. Bangon tumbi ta ƙasa ya yi ja saboda kumburi, aka gutsuri 'yan ƙananan tsoka daga wurin aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar da ƙwayar tana nan, kuma babu alamar daji. Wannan tabbaci ya kwantar da hankalin iyalin, kuma fargabar daji ba ta banza ba ce, domin tun 1994 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin tumbi, ko da yake gyambon duwodinam da wuya ya zama daji.

Likitan bai maimaita metronidazol ba, saboda ya sha shi a Fabrairu bai ƙarasa ba, ga shi kuma magani ne da ake yawan sha barkatai a kan kowace gudawa, har ƙwayar ta saba da shi a wurare da yawa. Aka rubuta omefirazol miligiram 20, amoksisilin miligiram 1000, da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne safe da yamma na kwana 14, sannan ya ci gaba da omefirazol shi kaɗai har mako takwas domin gyambon ya rufe, tare da ƙwayar ƙarin jini.

A wannan karo an sayi maganin kwana 14 gaba ɗaya kafin su bar Kano. Uwargidan, wadda ba ta karatun boko, ta zauna da babban ɗansu suka yanka katunan maganin da almakashi ba tare da ɓallo ƙwayoyin ba, suka ƙulla huɗu-huɗu a takarda har ƙulli 28, ta zuba a kwanon samira mai murfi. Tana miƙa masa ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan magariba. A kwana na uku ya fara kukan ɗacin baki da sakin ciki, ya ce zai dakata, sai ta aiko ɗansu cibiyarmu ya tambaya, aka gaya musu cewa ɗacin na kilaritiromaisin ne kuma zai wuce idan an gama. Ya shanye ƙulli 28 ɗin. An kuma gargaɗe su tun farko cewa ƙwayar ƙarin jini ita ma tana mayar da bayan gida baƙi, amma ba ya yin danƙo ko wannan wari, kuma ba ya zuwa da jiri.

Janairu zuwa Nuwamba 2024: tabbatarwa da sakamako

Ɗaukewar zafi ba ta nuna ƙwayar ta mutu, kamar yadda Fabrairun 2023 ya nuna. Ana tabbatarwa ne da gwajin bayan gida ko na numfashi, bayan aƙalla mako huɗu da gama maganin kashe ƙwayar, da mako biyu da daina omefirazol, domin shi yana danne ta har gwaji ya kasa ganinta. Ya daina omefirazol a tsakiyar Janairu, ya koma Kano a farkon Fabrairu, gwajin bayan gida ya nuna babu ita. Ma'aunin jininsa a lokacin 37.

Azumin 2024 ya kama a ranar 11 ga Maris. Da shawarar likita ya ɗauka, ya yi shi cikakke ba tare da ciwo ba. An sake masa yaji da tsami daidai gwargwado, sai abin da ya ga yana tayar masa da ƙwarnafi, aka kuma ce ya rage goro a kan yunwa. Har zuwa girbin shinkafa na Nuwamban 2024 bai sake ganin baƙin bayan gida ba, kuma bai sake shan kanwa ba. Amaryarsa, wadda ita ma take kukan zafin ƙahon zuci, ta yi gwajin bayan gida, aka same ta da ƙwayar, aka yi mata magani.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da gyambon, tsohuwar ƙwayar cuta da sabon shan haɗi, kuma duk abin da aka gwada kafin Oktoban 2023 bai taɓa ɗayansu yadda ya kamata ba. Kanwa da nono da farin ruwa sun rage zafi kawai, rage zafin kuma shi ne ya ba shi damar ci gaba da shan abin da ke cin cikinsa. Hana shi yaji da tsami bai ƙara masa komai ba sai ƙuncin abinci, tunda ba su ne ke huda bangon hanji ba. Maganin Fabrairu ya nufi ƙwayar, amma kwana biyar bai isa ba, kuma ko da ya shanye na kwana 14, da wuya gyambon ya rufe matuƙar yana shan daiklofenak da firoksikam safe da dare.

Watanni ukun da ya yi yana zubar da jini su ne suka fi damuna, domin a nan ne ya kusa rasa ransa, kuma a nan ne tambaya ɗaya za ta iya tsayar da abin. Ba na ɗora masa laifin ɓoyewa, domin kunya ta gaskiya ce, kuma wanda ya buɗe wa cikinsa ya ba shi amsar da ta kwantar masa da hankali. Nauyin yana kan mu masu duba marasa lafiya, mu tambayi launin bayan gida a keɓe, mu kuma ambaci haɗi da maganin gajiya da sunayen da mutane suka san su da su, tunda tambayar "wane magani kake sha" ba ta fito da su. Nasarar magani na biyu kuwa ta rataya ne a kan sayen sa gaba ɗaya tun farko, da samun mutum a gida mai riƙe da lissafi, da komawa a tabbatar.

Ciwon bayan da ya jawo shan haɗin bai warke ba. Farasitamol yana rage shi amma ba ya kashe shi kamar yadda haɗi yake yi, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa a ranakun dashen shinkafa zuciyarsa takan raya masa ya saya, ga shi ana sayar da shi a bakin kasuwar ƙauyensu. An rubuta masa a bayan katinsa sunayen magungunan da zai guje wa domin ya nuna wa duk mai kemis, an kuma gaya masa cewa idan har ta kama dole ya sha ɗaya daga cikinsu, sai da sanin likita, na 'yan kwanaki, tare da omefirazol. An ba shi takardar zuwa sashen ƙashi domin a duba bayan, amma har zuwa Nuwamban 2024 bai samu kuɗin zuwa ba.